Marubuci Ya Zama Mawallafin Kansa: Yadda Kasuwar Littafi Ta Koma Cikin Waya

Ranar 30 ga Nuwamba, 2023, manhajar OkadaBooks ta rufe. Okechukwu Ofili ne ya kafa ta a Legas a 2013, ta kuma yi shekara goma tana ba marubutan Najeriya damar ɗora littafi da kansu, su yanka masa farashi, mai karatu ya saya ya karanta a waya. Marubutan Hausa, musamman mata, na cikin waɗanda suka ci kasuwa a can. Wata takwas kafin rufewar, a watan Maris, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta yi magana ɓaro-ɓaro a kan satar fasaha ta intanet. A Yunin 2025 kuma aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, aka tsayar da 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar fara aiki da su.

Waɗannan abubuwa uku sun bar tambayoyi a bakin masu rubutu da masu karatu, har da Hausawan unguwannin Legas irin su Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, waɗanda littafin waya ya fi kusa da hannunsu a kan na takarda da sai an yi saƙonsa daga Kano. Littafin da mutum ya saya a manhaja, ina makomarsa in manhajar ta mutu? Wadda ta tura wa ƙawarta littafin kuɗi ta WhatsApp, ta taka doka? Kuɗin da ke faɗowa asusun marubuciya ɗari biyar-biyar, gwamnati na da rabo a ciki? Amsoshin ba za su fito ba sai an fara rarrabe abubuwan da aka saba cakuɗawa.

## Wa ya zuba kuɗi, wa zai ɗauki asara

Maɗaba'a daban, kamfanin wallafa daban. Maɗaba'a inji ce da tawada: ka kai aiki, ka biya, a buga maka adadin da ka ce, ko da rubutun cike yake da kurakurai. Unguwar Shomolu a nan Legas da wannan sana'a aka san ta. Kamfanin wallafa kuwa shi ke karɓar rubuce-rubuce ya zaɓa, ya sa edita ya gyara, ya tsara shafuka da bango, ya biya maɗaba'a, ya kai shaguna, ya yi talla. Kuɗinsa ya zuba, don haka in littafi ya yi kwantai shi ke da asara. Marubuci ana ba shi kaso daga kowane kwafin da aka sayar, wanda a al'adar sana'ar bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba.

Wallafa da kai ita ce marubuci ya kwashi duk waɗannan ayyuka ya ɗora wa kansa. Shi ne edita ko mai neman edita, shi ne mai biyan mai zanen bango, shi ne ɗan talla, shi ne mai bin bashi. Riba tasa, asara tasa, haƙƙin littafin kuma bai bar hannunsa ba.

Tsakanin biyun akwai kamfanonin da ke amsa sunan mawallafa amma marubuci ne ke biyan su, su gyara, su buga, su miƙa masa katan-katan na littafinsa. Legas na da su da yawa, kuma sana'a ce halattacciya, wasunsu ma aikinsu na da kyau. Inda ake cutuwa shi ne a karɓi kuɗin marubuci, sannan a sa shi ya rattaba hannu a takardar da ta miƙa wa kamfanin haƙƙin littafin. Hanyar ganewa ita ce a duba inda kuɗi ke gangarawa: daga kamfani zuwa marubuci, ko daga marubuci zuwa kamfani.

Shi ma littafin waya ba iri ɗaya ba ne. Akwai PDF, wanda shafinsa ba ya motsi, yadda aka tsara shi haka zai fito a kowace na'ura. Akwai EPUB, wanda rubutunsa ke daidaita kansa da girman fuskar waya, shi manyan kasuwannin littafi na duniya suka fi amfani da shi. Sai na uku, wanda ya fi kowanne yawa a Hausa: labarin da ake saki shafi-shafi a zauren WhatsApp ko Telegram ko Facebook, yau a rubuta yau a karanta. Wannan ba fayil ba ne tun farko, saƙonni ne a jere, sai an kammala wani ya tattara su wuri guda.

## Ba yau Bahaushe ya fara ba

A Turai da Amurka ana ƙirga bunƙasar wallafa da kai daga 2007, shekarar da Amazon ta fito da na'urar Kindle tare da tsarin da kowa zai iya ɗora littafinsa. A ƙasar Hausa labarin ya girmi haka da fiye da shekara ashirin.

Ƙagaggen labari na boko hukuma ce ta raine shi. Gasar rubutu ta 1933 da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya ita ta fito da su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Balewa. Daga nan sai Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar adabi ta Arewa, NORLA, a shekarun 1950, da kamfanin wallafa littattafai na NNPC na Zariya a 1966. Ƙofa ɗaya ce ake bi: edita ya duba, ya yarda ko ya ƙi, idonsa kuma na kan abin da makarantu za su saya. Littattafai ƙalilan ke fita a shekara, sunan mace kuwa da wuya a gan shi a bango kafin fitowar Hafsat Abdulwaheed ta hanyar gasar NNPC a 1980.

A tsakiyar shekarun 1980 abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, da aka ƙaddamar a 1976, ya yaye ɗimbin matasa masu karanta Hausar boko. Shirin gyaran tattalin arziki, SAP, na 1986 kuma ya karya darajar naira, kuɗin takarda ya tashi, manyan kamfanoni suka ja da baya suka rungumi littattafan makaranta kawai. Masu karatu sun yawaita a daidai lokacin da masu bugawa suka janye. Matasan Kano da Kaduna da Katsina suka cike gurbin da kansu: a rubuta da hannu, a kai wa mai tafireta, a kai ƙaramar maɗaba'a, a fitar da littafi na ɗaya, in ya karɓu kuɗinsa su buga na biyu da na uku. Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa duk ta nan suka yi suna. Aka laƙaba wa abin Adabin Kasuwar Kano, sunan da marubutan da yawa ba su yi na'am da shi ba, aka kuma shafe shekarun 1990 ana kai ruwa rana a jaridu: Ibrahim Malumfashi na cikin masu suka, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na cikin masu karewa.

Raunin wannan tsari yana wurin dila, wato ɗan kasuwar da ke rarraba littafi. Marubuciya ta buga da kuɗinta, amma ba ta da hanyar kai littafin Sakkwato ko Maraɗi ko Agege sai ta hannun 'yan kasuwar littafi, akasarinsu a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Su ke karɓa bashi, su ke biya da kaɗan-kaɗan, su ke faɗin irin labarin da ke tafiya. Ga kuma shagunan haya, inda kwafi ɗaya zai zaga hannu da yawa ba tare da ko kwabo ya koma ga wadda ta rubuta ba. Abin da waya ta sauya ke nan: hanyar da littafi ke bi ya isa ga mai karatu, da hanyar da kuɗi ke bi su dawo.

## Takarda ta gagara, waya ta wadata

Najeriya ta gina masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, suka kuma durƙushe a shekarun 1990. Har yau akasarin takardar da ake buga littafi da ita daga waje take zuwa, ta tashoshin Apapa da Tin Can, da dala ake sayo ta. Da Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 ya ƙara kuɗin jigila da na janareta. Duk wanda ya je Shomolu neman farashi a wancan tsakani ya san ba a ba da farashin da zai daɗe, domin mai maɗaba'a shi ma bai san nawa zai sayi takarda gobe a Mushin ba.

A ɗaya ɓangaren, wayar salula da ta shigo a 2001 ta rikiɗe ta zama ƙaramar kwamfuta, wayoyi masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Itel suka cika kasuwar Computer Village ta Ikeja da kasuwannin Arewa. Amma waya kaɗai ba ta isa ta yi kasuwa ba sai da biyan kuɗi ya sauƙaƙa. Da farko da katin waya ake biyan marubuciya: a saya, a kankare, a tura mata lambobin, ita kuma ta sayar a rahusa ta sami tsabar kuɗi. Bankunan waya irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, da masu POS a kowace kwana, da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 wanda ya tilasta wa mutane koyon tiransifa, su suka kawar da wannan wahala. Abin lura a nan shi ne kusan duk waɗannan kamfanoni, har da Paystack da Selar masu karɓar wa mutane kuɗi ta intanet, a Legas suke da cibiya. Rubutun Hausa a Arewa ya fi yawa, amma hanyar kuɗinsa ta Legas take bi.

## Yadda cinikin ke gudana

Tsarin da ya fi kafuwa tsakanin marubutan onlayin na Hausa ba wani kamfani ne ya zana shi ba. Marubuciya kan fara da shafukan kyauta, a yaɗa su a zauruka. Daidai inda labari ya ɗauki zafi sai a tsaya, a sanar cewa ci gaban na kuɗi ne, ga lambar asusu, a turo shaidar biya. Wadda ta biya a sa ta a zauren masu biya, inda shafi ke sauka kullum ko bayan kwana biyu. Wasu na da zaure na musamman mai tsada wanda ake riga saura samun shafi. Masu sayar da atamfa da turaren wuta da kayan gyaran jiki kan biya a sa tallarsu a saman shafi. In an kammala kuma, akwai tashoshin YouTube da ke karanta littafi a saurara, wasu da izini da biya, wasu babu. Zauren WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024, na Telegram kuwa yana kaiwa 200,000, shi ya sa masu mabiya da yawa ke rarraba zauruka ko su ƙaura.

A ƙaddara littafi naira 500 ne, mutum 400 suka biya. Naira 200,000 ke nan, babu dila, babu kuɗin takarda. Sai dai a cire data, da cajin waya, da wata biyu ko uku na buga rubutu da yatsa, da amsa saƙonnin masu ƙorafin jinkiri. A kuma tuna cewa ranar da shafi ya sauka a zauren masu biya, ranar yake iya bayyana a zauren da ba a biya ba. Shi ya sa da wuya a buɗe littafin kuɗi ba a ci karo da gargaɗi a samansa ba, sau da yawa har da Allah ya isa ga duk wadda ta fitar.

Manhajojin sayar da littafi sun zo ne don toshe wannan ɓaraka. A manhaja irin ArewaBooks, ko OkadaBooks kafin ta rufe, a ciki ake karatu, ba a ba mai saye fayil ɗin da zai tura wa wani, manhajar kuma ta ɗauki kasonta. Selar, wadda Douglas Kendyson ya kafa a 2016, shago take ba mutum da hanyar karɓar kuɗi daga gida da waje, talla kuwa tasa ce. Wattpad, ta ƙasar Kanada, marubutan Hausa sun fi amfani da ita wajen tara mabiya da rubutun kyauta.

Rufewar OkadaBooks ta nuna ɗaya fuskar lamarin. Wanda ke sayarwa a manhaja tamkar mai rumfar haya ne a kasuwar wani: ranar da aka rushe kasuwar kayansa na nan, amma rumfa ta tafi, kwastomomin da suka san shi da wurin kuma ba shi da lambar ko ɗaya daga cikinsu. Haƙƙin littafi bai mutu da mutuwar manhaja ba, yana nan ga marubucin, matuƙar yana da kwafinsa a ajiye. Mai karatu ne ke da ƙaramin matsayi, domin a yawancin manhajoji abin da ya saya izinin karatu ne a cikinsu, ba mallakar fayil ba.

Amazon kuma, wadda ake yawan tallata ta a darussan koyon neman dala da ake sayarwa matasa a Legas, lissafinta na buƙatar natsuwa. Tana biyan kashi 70 cikin 100 in farashin littafi na tsakanin dala 2.99 da 9.99 kuma mai sayen na cikin ƙasashen da ta lissafa. In ba haka ba kashi 35 ne. Da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, ana riƙe kashi 30 cikin 100 na abin da marubucin Najeriya ya samu daga cinikin Amurka. Littafin dala 2.99 zai ba shi kusan dala 2.09, bayan haraji ya koma wajen 1.46. Ga mai rubutun Turanci da ya iya talla, kasuwa ce ta gaske. Ga mai rubutun Hausa, masu karatunsa ba a can suke ba. A Satumbar 2023 kamfanin ya taƙaita ɗora sababbin littattafai zuwa uku a rana ga mutum ɗaya, ya kuma wajabta a bayyana in ƙirƙirarriyar basira ce ta samar da rubutun, alamar irin ambaliyar da ta same shi.

## Abin da dokar haƙƙin mallaka ta ce

Dokar, wadda ke ɗauke da shekarar 2022 a sunanta, ta maye gurbin wadda asalinta na 1988 ne. Abu na farko da ya kamata a sani: ba sai an yi rajista ake samun haƙƙi ba. Da zarar mutum ya ƙirƙiri rubutu nasa na kansa ya adana shi a wani abu, takarda ce ko waya, doka ta kare shi, har shekara 70 bayan rasuwarsa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya na da tsarin rajista ta intanet, amma na ganin dama ne, amfaninsa shi ne zama hujja ranar gardama. Wannan hujja na da nauyi ga marubutan onlayin, tunda da yawansu da laƙabi suke rubutu, Maman wane ko Ummu wance, ranar shari'a kuma sai an tabbatar wa kotu cewa mai laƙabin ita ce mai ƙara.

Doka ba ta kare jigo, yadda aka rubuta shi take karewa. Labarin auren dole ko na kishiya ba mallakin kowa ba ne. Kwashe shafukan wata a sauya sunayen taurari shi ne sata. Miƙa haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wani izinin da ya hana kowa sai shi, ba ya inganta sai a rubuce. Wannan ya shafi masu sayar da labari ga 'yan fim da tashoshin sauraro, da kuma masu sa hannu a yarjejeniyar manhajojin waje da ke neman marubuta da alkawarin dala: a nan danna maɓallin amincewa na iya zama sa hannu, sharuɗɗan kuma da Turancin lauyoyi suke.

Sabon abin da dokar ta kawo shi ne hanyar tsige abin sata daga intanet. Mai haƙƙi zai rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafin, kamfanin ya sauke, mai maimaita laifi kuma a iya dakatar da asusunsa. Hukumar na da ikon toshe shafin da ta gamsu cewa na satar fasaha ne. Karya makullin da aka sa wa littafi don hana kwafa laifi ne, haka ma baza aikin wani a intanet don kasuwanci ba da izininsa ba.

To wadda ta tura wa ƙawarta fa? Kwafa da rarraba littafin kuɗi ba da yardar mai shi ba keta haƙƙi ne, ko ba a karɓi ko sisi ba, sai dai hukuncin laifi ya fi karkata ga masu yi don riba. A aikace kuwa, hanyar tsigewa na aiki ne a kan shafukan da ke fili da tashoshin YouTube. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, babu kamfanin da zai leƙa ya cire. Ƙarar haƙƙin mallaka kuma Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, kuɗin lauya kaɗai na iya haɗiye duk abin da littafin ya kawo.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon bayan sabon tsarin hujjarsu a fili take. Matar aure a Agege da ba ta da jarin buga kwafi dubu, ba ta kuma da wanda zai je mata Sabon Gari bin bashi, yau tana iya rubutu daga ɗakinta, kuɗinta su shigo asusunta kai tsaye daga Kano da Yamai da Kumasi da Jidda. Kamfanonin wallafa na Legas da suka farfaɗo da adabin Najeriya, daga Farafina da Muhtar Bakare ya kafa a 2004 zuwa Parrésia da Ouida da Masobe, da Turanci suke aiki. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000, wadda Abubakar Adam Ibrahim ya ci a 2016, ita ma ta rubutun Turanci ce. Mai rubutun Hausa da zai jira kamfani, in ji su, zai tsufa yana jira.

Masu suka sun kasu biyu, kuma bai kamata a haɗa su ba. Kashi na farko inganci ne damuwarsu. Shafin da aka rubuta da rana aka saki da dare bai ga edita ba. Ana haɗa kalmomin da ya kamata a raba, ana watsi da ƙ da ɗ da ɓ, ana cusa Turanci inda Hausa ke da kalma, yara kuma na ɗauka haka ake rubutu. Akwai ma abin da ya fi ƙa'idar rubutu zurfi: marubuciyar da masu biya ke zaune a zaurenta suna sharhi kullum tana cikin matsi ta ja labari ya yi tsawo, ta fasa kashe tauraron da suke so, ta ƙara abin da ke jawo biya. Wannan suka na da tushe, ko da yake an yi wa littattafan takarda na shekarun 1990 irinta, wasunsu kuma yau ana nazarin su a jami'o'i.

Kashi na biyu tarbiyya ce damuwarsu, musamman littattafan batsa da ke yawo a wayoyin 'yan mata ba tare da wani shinge na shekaru ba. Marubutan da yawa su ma suna wannan kuka, domin ana yi musu kuɗin goro. Inda aka rabu shi ne magani. Masu son hukuma ta shiga suna kallon Kano, inda aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Masu adawa kuma suna tuna 2007, lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar, A Daidaita Sahu, da 2008, lokacin da hukumar ta nemi marubuta su yi rajista, suna cewa tacewa ba ta tsayawa a kan batsa, takan kai ga masu rubutu a kan auren dole da cin zarafin mata. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, akwai iyakar da doka ta shata: hukumar jiha ba ta da hurumi a kan marubuciyar da ke zaune a Idi-Araba tana tura shafi ga zauren da mambobinsa ke ƙasashe daban-daban. Abin da ya rage shi ne dokokin da ƙungiyoyin marubuta ke sa wa mambobinsu, da gasanni masu alƙalai irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda tun 2016 take nuna wa marubuta mata cewa gyararren rubutu na da lada.

Su kuwa mawallafa na gargajiya cewa suke aikin da suke yi bai ɓace ba, hannu kawai ya sauya. Gyara, tsari, talla, kare haƙƙi da adana littafi duk suna nan ana buƙatar su. Marubucin da ya cire kamfani ko dai ya yi su da kansa, ko ya biya wani, ko littafin ya fita babu su. A nan da wuya a ƙaryata su.

## Abin da zai taɓa aljihu da gida

Ga mai karatu a Legas, littafi ya yi sauƙi ya kuma zo kusa, ba sai an jira mai zuwa daga Arewa ba. Amma kuɗin data na cikin farashin, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100. Biyan kuɗin littafin da ba a gama rubutawa ba shi ma kasada ce: in marubuciya ta tsaya a tsakiya, babu wata takarda da za a riƙe ta da ita.

Ga marubuci, batun haraji bai kai yadda ake tsorata mutane ba. Kuɗin littafi kuɗin shiga ne kamar na kowace sana'a, mazaunin Legas kuma hukumar harajin jihar, LIRS, yake bi, ko daga ina masu sayen suke. A sabon tsarin, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Wadda cinikinta ya wuce nan za ta amfana da ware asusun littafi daga na cefane, da rubuta abin da ta kashe a kan data da edita da zane.

Masu baza littattafai a bakin masallatai da tashoshin mota sun fi kowa jin sauyin. Da yawa sun karkata ga littattafan addini da na makaranta, waɗanda har yanzu a takarda ake neman su. A madadinsu wasu ƙananan sana'o'i sun tsiro: masu zanen bango, masu tsara shafi, masu karanta littafi da murya, da ƙalilan masu gyaran ƙa'idar Hausa.

Akwai kuma asarar da ba ta bayyana a asusun kowa. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi uku na duk littafin da ya buga, ɗakin karatun kuma shi ke ba da lambar ISBN da ke sa a san littafi a shaguna da ɗakunan karatu na duniya. Labarin da aka fara aka gama a zauren WhatsApp bai bi ta wannan ƙofa ba. Ba shi da lamba, ba shi da shekarar bugu, sau da yawa kwafin da ke yawo ma wani ne ya tattara shi, ya yanke wani wuri ko ya goge sunan mai shi. Waya ta faɗa ruwa ko an rufe asusu, aikin wata uku ya tafi. Injinan buga kaɗan-kaɗan da ke Shomolu sun rage tsadar maganin wannan matsala, tunda yanzu ana iya fitar da kwafi ashirin ko hamsin ba sai dubu ba. Marubuciyar da ta sayar da labarinta a waya tana iya ware wani abu daga kuɗin, ta ba edita ya gyara, ta nemi ISBN, ta buga 'yan kwafi, ta kai uku ɗakin karatu na ƙasa, wanda ke da reshe a nan Legas.